Gidan da na saya da mai takaba a ciki

Shekarun baya can, lokacin da jami'ar garinmu ta fara cika da yara har ɗakin haya ya yi wuya a Wudil, na shiga wata sana'a da aka yi ta zagina a kanta. Gidaje nake saye. Ba na kirki ba fa, irin waɗanda damina ta ci, katanga ta faɗi, azara ta ruɓe, masu su ba su da ƙarfin tayarwa. In saya yau, kafin a ankara na sayar wa mai son rushewa ya gina ɗakunan ɗalibai. Jarin da kiwon tumaki na tara shi, ba gado na ci ba. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, dangwale nake yi. Yanzu da na yi makarantar manya kun ga har surutu nake cika ku da shi a waya.

Matan unguwa suna cewa kuɗin masu hawaye nake ci. Ni kuma in ce wadda ta ga na shaƙe wani na karɓi gidansa ta fito ta faɗa a gabana.

Wata rana dillalina ya zo ya ce akwai gida ta wajen hanyar Dagumawa. Mai gidan ya rasu, ruwa ya kayar da katangar gaba da ɗaki biyu, magada sun ce a sayar. Na je na tsaya daga waje na duba. Ban shiga ba, don ni fili nake saye, me zan yi da ɗakin da za a rushe? Babban ɗan marigayin ya zo daga Kudu inda yake aiki, yana saurin komawa. Aka kira mai unguwa da shaidu, aka yi takarda, na dangwala. Tun kafin tawada ta fita daga yatsana dillali ya samo mai saye, wani malamin jami'a da ke son ya fara gini kafin ɗalibai su dawo hutu.

Ana gobe malamin zai zo, na ce bari in leƙa ciki ko da tsofaffin ƙyamare da zan cire. Ina tsallaka ɓaraguzan katanga sai na ga tsakar gida a share tas. Ga tukunya a kan murhu. Ga wata tsohuwa sa'ata a kan tabarma a ƙofar ɗakin da ya rage, tana jan carbi.

Na ce, "Salamu alaikum. Ashe da mutane?"

Ta amsa ta ce, "Da mutum ɗaya dai. Ke ce Hajiyar da ta saya? Sannu da zuwa, ga wuri."

Muka gaisa, har da ya gida ya iyali. Ni da gidana ana ba ni wurin zama. Na ce, "Baiwar Allah, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Takaba nake yi."

Sai a lokacin na kula. Ba kwalli a idonta, ba ɗan kunne, zanen jikinta duk ya koɗe. Ni ma na binne miji, na san zaman nan. Na san yadda rana take tsawo a cikinsa.

Ta ce ita matar marigayin ce. Ta yarda a sayar, ba wanda ya matsa mata, tumuninta ma ɗanta ya kawo mata har ɗaki. Ya ce ta je Achika gidan ƙanwarsa ta ƙarasa takabar a can. Ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka ta yarda.

Ta ce, "Hajiya, a ɗakin nan ya bar ni. Ina so in cika masa kwanakinsa a inda ya bar ni. Amma gidanki ne yanzu. In kin ce in tashi, ba zan yi miki gardama ba."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, don zagi na iya ramawa.

Ina fita na sa aka kira mini ɗan a waya. Na ce, "Kai ɗan nan, gida ka sayar mini ko uwarka?" Ya yi ta rantsuwa, ya ce bai san ba ta tafi ba, ya bar wa ƙanwarsa kuɗin mota ma. Ba mugun yaro ba ne, gaggawa ce irin ta 'yan yanzu.

Dillalina kuwa cewa ya yi, "Hajiya, takarda na hannunki, mai unguwa ya sa hannu. Ki sayar kawai, shi malamin ya san yadda zai yi da ita." Na ce masa in ya ƙara faɗar haka a gabana la'adarsa ta bi ruwa. Amma gaskiya ni ma ban san matsayina ba. Dukiyata gaba ɗaya na zuba a kangon nan, kuma sana'ar tamu in ka riƙe gida ya daɗe, kai ya riƙe.

Akwai wani tsohon alƙali a unguwarmu da ya yi ritaya. Na je na durƙusa daga bakin zaurensa na kwashe komai na faɗa masa. Na ƙara da tambayar da ta daɗe tana cina, na ce, "Allah gafarta Malam, ka faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Sana'ar nan tawa haram ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kin daɗe kina yi sai yau kika tuna da tambaya?"

Na ce, "Yau na ga abin tambaya."

Ya ce saye da sayarwa halal ne, ko da safe na saya na sayar da yamma, matuƙar gidan ya zama nawa, magada duk sun yarda, an yi a gaban shaidu, kuma ban ruɗi mai sayarwa ba, ban ɓoye wa mai saye aibi ba. Riba ba laifi ba ce. Amma ya ce matar da mijinta ya rasu ya bar ta a gidansa na kansa, zamanta a ciki har ta fita takaba haƙƙinta ne. Ɗanta bai mallaki wannan zaman ba, don haka bai sayar mini da shi ba, ni ma ba ni da shi balle in sayar wa wani. In zan sayar, in faɗa wa mai saye ƙarara cewa akwai mai takaba, ba za a taɓa gidan ba sai ta gama.

Washegari na faɗa wa malamin jami'ar haka, ban rage komai ba. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Hajiya, Allah ya sani ba zan tashi tsohuwa ba. Amma na riga na yi magana da magina. In ɗalibai suka dawo ban gama ba, shekara ta wuce ni." Muka rabu lafiya, ya je ya sayi wani filin. Ban ga laifinsa ba.

To ga ni da kango da tsohuwa a ciki, ga damina ba ta ƙare ba. Da na koma na tarar ɗakin nata yana yoyo, ta jera kwanoni tana tarar ruwa. Ni da na sayi gida don a rushe, ni ce na ɗauko magini ya hau yana yaɓe rufi. Dillalina ya ga haka ya kama baki ya ce, "Hajiya ta zama 'yar agaji." Na ce ya tafi ya ba ni wuri.

Daga zuwa duba rufi sai na koma zuwa hira. In tafi mata da goro, ita kuma ta zuba mini tuwo, don har lokacin hannunta bai saba da tuƙa na mutum ɗaya ba. Mijin nata masunci ne, a kogin nan ya ƙare rayuwarsa. Ta ce shekara da shekaru tana yi masa faɗan ƙarnin kifi a ɗaki, yanzu ƙarnin ya fita ita kuma nemansa take. Na ce nawa mijin minshari yake yi kamar injin niƙa, kuma da ya tafi na daɗe ban iya barci ba saboda shiru. Muka yi dariya har muka share ido. Miyarta dai daddawa ta yi mata yawa, kuma na faɗa mata. Ta ce ai ba a gayyace ni ba.

Ranar da ta fita takaba na kai mata lalle da sabulu da turare da turmin atamfa. Ni na ƙunsa mata lallen da hannuna. 'Yarta ta zo daga Achika da a-daidaita-sahu, aka ɗora 'yan komatsanta. Muna jira ta fito sai muka ji ƙarar tsintsiya. Na leƙa na same ta a duƙe tana share tsakar gida, har cikin ɗakunan da suka faɗi.

Na ce, "Ke, rushe shi fa za a yi."

Ta ce, "Na sani. Ni dai ba na ba mutum gida da shara."

Da ta gama ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ƙofar gida ta damƙa mini. Ƙofar da katangar gefenta ta faɗi, ko akuya ba ta bi ta cikinta. Na karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Na cika masa. Allah ya saka miki."

Gidan na sayar daga baya, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sana'ar kuma ban daina ba sai da gwiwa ta hana ni yawo, kuma har gobe ina cewa halal ce. Sai dai tun daga nan ban ƙara sayen gida daga waje ba. Sai na shiga na yi sallama, na ji ko akwai mai amsawa. Masu yin wannan harka yanzu, takardar mai unguwa tana da kyau, ku riƙe ta, amma ku shiga ciki tukuna.

Ita kuwa ta rasu bara waccan a gidan 'yarta. Da na je gaisuwa, 'yar ta nuna ni ga matan da ke zaune ta ce, "Wannan ce Hajiyar da ta sayi gidanmu."

Na ce, "Ke yarinya, gyara zancenki. Ƙawarta ce."

Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Allah ya haɗa ta da masuncinta a Aljanna.