Jirgin Inna Bai Kai Wajen Gari Ba

Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofofinsu, Inna takan riga ta share azuzuwan firamarenmu, ta yayyafa ruwa a baranda, ta jingine tsintsiya a bayan ofishin hedimasta. Aikin da aka ɗauke ta ke nan, kuma a nan ya kamata ya ƙare. Amma sai ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin zane, ta sake fita ta ƙofar da ta shigo. Takan fara da lungun masu gyaran rediyo, ta bi ta bayan injin niƙa, ta ɓullo layin teloli. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Tsayawa kawai take yi ta ce, "Jirgi zai tashi!" Sai ka ga yaro ya fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, uwarsa na biye tana goge masa baki.

Na farko ya kama gefen mayafinta, na biyu ya kama rigar na farko, a haka har layi ya yi tsawo. 'Yan aji ɗaya da aji biyu ne, waɗanda ba su isa tsallake titi su kaɗai ba. Shi ya sa duk unguwa ke ce mata Inna Jirgi.

Babban titi ɗaya ne tsakanin lungunanmu da makaranta, kuma direbobin da ke bin sa sun san ta. Tana ɗaga hannu suke tsayawa, amma ba sa tsayawa da baki a rufe.

"Inna, jirgin nan naki ba shi da birki ne?"

"Birkin yana ƙafarka, ɗan nan. Taka."

"Yau taragu nawa?"

"Ƙirga mana, in dai ka yi makarantar."

Ni ma na taɓa zama tarago a jirgin nan. Ba na iya magana a cikin mutane, sai ta sa ni gaba, kusa da ita, ba ta taɓa ce mini me ya sa na yi shiru ba.

Akwai wani abin da ta saba yi wanda iyaye suka fi tunawa da shi. In yaro ya yi zazzaɓi ko ya fasa goshi a filin wasa, Inna ba ta jiran a aika. Goya shi take yi, ta ɗaure da zane, ta kai wa uwarsa. Wani mai gyaran rediyo ya ce ya sha ganinta ta wuce da goyo, kafin ya gama ɗaure bayan rediyon da ke hannunsa ta dawo ita kaɗai. Bakaniken da ke bakin titi ya ce ranar da ɗansa ya shiɗe a aji, a ƙarƙashin mota ta same shi, ta ja ƙafarsa ta ce, "Fito, motar ba ta da uwa, ba za ta yi kuka ba."

Abin ya yiwu ne don makarantar tana tsakiyar mutane. Iyayen suna aiki a inda suke jin ƙararrawarta. Ba na cewa wurin ba shi da aibi. Filin wasan bai kai tsakar gidan wani ba, malamai sai sun ɗaga murya saboda hon ɗin motoci da bugun ƙarfen masu walda, in aka yi ruwa kuma ƙofar makaranta ta zama tafki. Saboda haka da aka sanar cewa an gina sabuwa a wajen gari, can gaba da gidan mai na ƙarshe, za a kuma mai da tsohon wurin shaguna, iyaye da yawa tafi suka yi. Inna ma ta yi murna. Ta ce, "Yara za su samu wurin gudu."

Ba ta yi niyyar barin jirgin ba, tasha ta mayar da shi. Ta riƙa tara yaran tun da duhun safe, ta kai su inda ake hawa bas su tafi tare, shara kuma sai bayan an tashi. Amma bas ɗin safe na masu sauri ne. Direban da ke tsaya mata a titi yana dariya, shi ne yanzu ke kau da kai idan ya hango ta da tulin ƙananan yara. Wata rana sai an gama darasin farko suke isa. Da yamma kuma iyaye su yi ta leƙen hanya har abinci ya huce. A hankali jirgin ya fara raguwa. Wannan a ce sai ya ƙara wayo, waccan a ce ta zauna ta riƙe ƙaninta.

Yayata tela ce, tana da 'ya ɗaya da muke kira Aku saboda surutunta. Ita ce yarinyar da ta fi kowa son makaranta a gidanmu, har ɗinkin uwarta take tsayarwa don a saurari abin da aka koya musu. Yaya ta daure ta bar ta a jirgin bayan wasu sun janye nasu.

Sai wata rana zazzaɓi mai zafi ya kama Aku a aji. Inna ta taɓa goshinta, ta yi abin da hannunta ya saba tun kafin a haife ni: ta goya ta, ta ɗaure, ta fita. Ba ta gaya wa kowa ba, don a tsohuwar makaranta ba ta taɓa buƙatar gaya wa kowa ba. Sai da ta yi nisa a gefen kwalta, rana ta take, babu shago babu inuwa, sannan ta tuna cewa babu layin teloli a bayan wannan katangar. Komawa da nisa, ci gaba da nisa. Ta ci gaba. A makaranta an nemi yarinya an rasa, aka kira Yaya a waya aka tambaye ta ko Aku ta dawo gida. Wanda ya taɓa haihuwa ya san abin da wannan tambaya ke yi wa uwa.

Wani direban tankar ruwa ne ya same su zaune a bakin hanya, Inna ta rufe yarinyar da mayafinta, ita kuma gwiwarta ta ƙi ɗaukarta. Aku ta warke. Gwiwar Inna ba ta warke ba, kuma a ƙarshen zangon ta ajiye aiki.

Da aka koma makaranta, Yaya ta ce Aku ba za ta koma ba. Inna ta zo shagon da sanda, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Ina wurin.

"'Yata, ni na tsorata ki. Ki yi fushi da ni, ki bar yarinya ta tafi."

"Haba Inna, wa ya isa ya yi fushi da ke? Ke fa kika goya ni."

"To ki ba ni ita."

"In ba ki ita ki kai ta da wace ƙafar?"

Aku ta leƙo daga bayan keken ɗinki ta ce, "Ni sai in goya Inna." Muka yi dariya, har Inna. Yaya ce kawai ba ta yi ba. Ta ce, "Da ina jin ƙararrawa daga nan, wallahi da gobe za ta tafi. Bari ta ƙara girma."

Inna ta jawo sandarta. Sannan ta ce, "Na sha jin wannan maganar. Kaɗan ne suke dawowa."

Inna, ke ce uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ke ce kika tsallakar da mu titi har muka kai inda ba ki taɓa zuwa ba, cikinmu akwai malamai da ma'aikatan jinya, akwai ni da nake rubuta wannan don bakina ba zai iya faɗa miki a gabanki ba. Kin ce kuskurenki ne. Ni abin da na gani shi ne kin yi abin da ya yi daidai shekara da shekaru, sai aka ɗauke makarantar daga inda yake daidai. Bayanki bai gaza ba, hanyar ce aka tsawaita. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ƙafa.

Ku kuma da kuke karantawa, sauran firamare ɗaya a tsakiyar garinmu, ta bayan gidan waya, kuma an fara cewa wurin ya yi mata kaɗan. Gaskiya ne ya yi kaɗan. A ɗora mata bene, a gyara magudanar ruwa, a nemi masu walda su matsa. In an kira taron iyaye ku je, kafin ku tafa wa hoton sabon gini ku tambaya yadda ɗan shekara shida zai je, da yadda zai dawo ranar da ba shi da lafiya. Wanda kuma yake da ƙafa da ɗan lokaci da safe, ya dubi yaran lungunsu, ya yi koyi da Inna tun makarantar tana kusa.

Aku tana shago yanzu. Ta iya zura zare a allura, ta iya ɗinka maɓalli, masu kawo ɗinki suna yaba hankalinta. Sun ce ba ta da surutu.