Ranar da Baba Ciyawa Ya Je Roƙon Ɓarayinsa

Kafin mai shayin bakin filin wasa ya hura wuta, Baba Ciyawa ya riga ya jingine kekensa a jikin ɗakin ajiyar kaya. Yakan cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya taka filin daga wannan raga zuwa waccan, a hankali, kai a sunkuye. Da tafin ƙafa yake gane inda ƙasa ta yi tauri da inda ruwa ya kwanta. Daga nan sai ya jawo tiyo ya yi ban ruwa, in ranar aski ce ya tayar da injin yankan ciyawa, in ranar wasa ce ya dama farar ƙasa ya ja layuka da igiya. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki a filin ƙungiyarmu, kuma a ƙarshen watan jiya ya yi ritaya.

Gaskiya dai, mu magoya baya ba mu yi zaman daɗi da shi ba, kuma laifinmu ne. Muna da wata muguwar ɗabi'a tun zamanin iyayenmu. Duk ranar da muka ci babban wasa, da alƙali ya hura tashi sai mu tsallake shinge, kowa ya ɓamɓaro ciyawa kamar faɗin tafin hannu, da saiwarta da ƙasarta, ya kai gida ya dasa. Wani a tsakar gida, wani a bayan shago, wani a tsohon daro. Baba kuwa ya bi mu da tiyo yana feshi, yana kiranmu ɓarayi, washegari ya wuni a durƙushe yana cike ramukan da muka bari. Shugabanmu a wannan ɓarna shi ne Tela, mai buga mana ganga, wanda Baba ya taɓa jiƙawa sharkaf cikin sabon ɗinki. Shekara da shekaru ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su.

Sai ga shekarar da ƙungiyarmu ta samu shiga gasar ƙasashe. Murna ba ta yi sati biyu ba masu duba filaye suka zo. Suka ce fitilu ba su da haske, ɗakin canza kaya ya lalace, kujeru sun karye. A duk takardar da suka rubuta, ciyawa ce kaɗai ba su samu abin cewa a kanta ba. Aka rufe fili don gyara. Wasannin cikin ƙasa aka tura wani gari mai nisa, na gasar ƙasashe kuwa aka kai su can ƙetaren teku, aka ce wai nan ne gidanmu.

Wanda bai ɗanɗana wannan ba, ba zai gane ciwonsa ba. Ka zauna a gidan kallo, a kan benci, kana jin mai sharhi yana kiran ƙungiyarka masu masaukin baƙi, alhali a bayan 'yan wasan babu komai sai kujeru wayam. Har ƙarar takalmi a jikin ƙwallo kana ji, don babu mai ihu. Mu ci ƙwallo, ɗan wasa ya ruga wajen 'yan kallo, ya tarar ba kowa, ya juyo yana sosa kai. Tela ya taɓa kai gangarsa gidan kallo, mai gidan ya ce ya fita da ita, tana hana mutane jin sharhi. Ya fito ya zauna a bakin titi, ganga a cinya, ya ce, "Wane irin gida ne wannan da sai da biza ake shigarsa?" Babu wanda ya yi dariya. Mun ji haushi, mun ji kunya, wasu ma suka daina kallo gaba ɗaya.

Shekara uku aka yi a haka. A cikin shekara ukun nan, Baba Ciyawa bai fasa zuwa ko da rana ɗaya ba. Manajan fili ya kira shi ofis ya ce a rage ban ruwa, tunda babu mai taka wurin.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "ita ciyawar ba ta san an rufe fili ba. In ta mutu, ranar da yaran nan za su dawo a kan me za su buga?"

A gida ma bai tsira ba. Matarsa takan tare shi da tsokana: "Sannu da zuwa, wanzamin da ba shi da mai kallon askinsa." Sai ya yi murmushi ya miƙa mata hula. Amma ita ta san abin da ke cin ransa. Ritaya tana matsowa, kuma burinsa ɗaya ne, ya ga ƙungiyar ta dawo gida a kan ciyawar da ya raina, ba a ce a hannunsa fili ya mutu ba.

Kai ne ka yi ta ja wa filin da ba kowa layi, Baba, ranar da ake buga wasanmu a wata ƙasa. Masu gadi sun gan ka, sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka. Kai kuwa ka ce hannu ne ba ka so ya manta.

A shekara ta uku takarda ta zo: masu duba filaye za su dawo bayan sati shida. In fili ya ci jarrabawa, ƙungiya ta dawo. In ya faɗi, sai bayan wasu shekaru biyu, lokacin Baba ya daɗe da barin aiki. Ɗan kwangilar fitilu ya shiga gaggawa. Wata rana da aka kwana ana ruwa, direbansa ya ga zagayawa ta bayan shinge za ta ɓata masa lokaci, sai ya ratsa da motar ɗaga kaya ta tsakiyar fili. Baba yana ɗakin ajiya yana wasa wuƙar inji, ya fito ya tarar da sawun taya biyu, daga kusurwa har da'irar tsakiya, zurfinsu ya wuce idon sawu. Mai shayi ya ce bai taɓa ganin tsohon nan ya zauna a ƙasa ba sai ranar.

Manaja ya zo ya duba, ya share gumi. "Baba, a cike da yashi a fesa koren fenti. Daga nesa wa zai gane?"

"Ba daga nesa suke dubawa ba, ranka ya daɗe. Durƙusawa suke yi su ja da hannu. Ko da ma ba za su ja ba, ƙafar ɗan mutane ce za ta shiga ramin."

Iri sabo yana son wata uku kafin ya yi ƙarfi. Ciyawar sayarwa kuwa wata iri ce dabam, launinta dabam, ƙwallo ma dabam take gudu a kanta. Ɗan abin da Baba yake reno a bayan ɗakin ajiya ko kwata ɗin ramin ba zai rufe ba. Ya koma gida da azahar, aka ajiye masa abinci ya kasa ci. Matarsa ta zauna a gefensa ta saurari komai, sannan ta ce, "To, Malam, ka je wajen ɓarayinka mana. Ai ciyawarka tana gidajensu."

Ya harare ta. "Ni? In je in roƙi Tela?"

"To zauna. Girman kai zai rufe maka rami."

Kwana biyu yana kokawa da zuciyarsa. Rana ta uku ya tura kekensa har ƙofar shagon Tela, ya yi sallama. Tela ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ya leƙa bayan Baba ko da tiyo ya zo.

"Baba, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ciyawata na zo nema."

"Wace ciyawa kuma?" in ji Tela, yana matsawa ya tare ƙofar baya. Ta ƙarƙashin hammatarsa kuwa ana hango ta, shar da ita, ta cika bayan shagon, an aske ta da almakashi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya gaya masa maganar mota da rami da sati shida. Ya ce, "Na zage ku shekara talatin, ban kuma ce na yi kuskure ba. Amma yau ba ni da kowa sai ku. Irinta babu a ko'ina sai a hannunku."

Tela ya ce, "Ta bayan shagon nan, Baba, ta ranar da muka ɗauki kofi ce. Kullum sai na ba ta ruwa kafin in sha."

"Na sani. Na ga askin, ba laifi."

Tela ya tuntsire da dariya, ya miƙe ya ɗauko ganga.

Ranar Asabar da hantsi aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Mutane suka yi layi a ƙofar fili, da baro, da daro, da tire, da murfin tukunya. Makanikai, malaman makaranta, masu sayar da kayan miya, har da wani ma'aikacin banki da ya cika bayan motarsa. Kowa ya zo sai ya faɗi tarihin tasa: wannan ta ranar da muka rama uku bayan hutun rabin lokaci ce, waccan ta ranar da gola ya tare fenareti biyu. Baba yana tsaye a ƙofa yana juya kowace ya duba saiwa. Ya kori mutum huɗu da suka ciro ciyawar bakin kwata don kawai a ce da su aka yi.

Wajen ƙarshen layi wata dattijuwa mai sayar da kwanuka ta sauke daro daga kanta. Kowa Gwaggo yake ce mata. Ta ce, "Ni ban san ƙwallo ba. Maigidana ne ya kawo ta tun muna da ɗa ɗaya. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, ni nake ba ta ruwa." Baba ya ce ta koma da rabi. Ta ƙi. "Ɗauki duka. Shi ma da yana nan, a nan za ka same shi." Baba ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta da'irar tsakiya ya dasa da kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ba a gani a hoto. Ya farfasa ƙasar da taya ta danne, ya zuba yashi da taki, ya yanka kowane guntu daidai da maƙwabcinsa, ya jera, ya danna da faifan katako. Sati biyar yana ban ruwa da bokiti mai huji, safe da yamma, don tiyo zai iya tumɓuke saiwar da ba ta kama ba. Gwiwoyinsa suka kumbura, matarsa tana gasa masa da ruwan zafi tana mita. Mu kuma da muka saba tsallake shinge, muka koma masu gadinsa. Ko akuya ta doso wurin sai ta gamu da Tela.

Ranar dubawa, wata mata ce ta jagoranci baƙin. Suka kunna fitilu, suka leƙa ɗakuna, sannan suka shigo fili. Ta saki ƙwallo daga sama ta auna tashinta, ta gangarar da ita ta auna gudunta. Sai ta bi daidai inda taya ta bi, ta durƙusa, ta kama ciyawa ta ja. Ta matsa gaba ta sake ja. Mu muna bayan shinge muna kallo.

"An yi faci a nan," in ji ta.

Manaja ya fara kame-kame. Baba ya matso, hula a hannu. "An yi, Hajiya. Ni na yi. Mota ce ta ɓata, na gyara."

Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa da ba takalmi. "Saiwa ta kama," ta ce, ta yi rubutu a takardarta. Suka tafi, muka yi kwana tara muna jiran sakamako. Rana ta goma amsa ta zo: fili ya ci.

Wasan farko a gida ya faɗo kwana goma sha ɗaya bayan ritayar Baba. Manaja ya ba shi kujera a rumfar manya, ya ce a'a, wajen ɓarayi zai zauna, kusa da ganga. Shekara talatin da huɗu a filin nan bai taɓa kallon wasa daga kujera ba. Da 'yan wasa suka fito, fili ya ɗauki ihun da ya tara shekara uku, sai ya damƙi hannun Tela ya ce, "Ashe haka ake ji daga nan." Maza da gemunsu suna kuka ba sa ɓoyewa.

Saura minti goma a tashi muka jefa ƙwallo a raga. Ɗan wasan ya rugo wajenmu, wannan karon ya tarar da mutane, ya zube a kan gwiwa ya sulale, ya yage ciyawa tsawon taku uku. Ganga ta tsaya. Duk wanda ke kusa ya juyo yana kallon Baba. Ya yunƙura kamar zai miƙe, sai ya koma ya zauna, ya share ido da bayan hannu.

"Ku bar shi," ya ce. "Don haka aka shuka ta."

Mun gode, Baba Ciyawa, mai raino ba don a gani ba. Kai ne ka riƙe mana gida lokacin da aka ce gidanmu yana wata ƙasa, ka ƙi fenti lokacin da fenti ya fi sauƙi, ka sauke girmanka ka je ƙofar waɗanda suka ɓata maka. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta cikin mutunci. Ku kuma da aka ba ku amanar wani abu da babu mai leƙawa, aji ne, famfo ne, ɗakin magani ne, ku riƙe shi yadda tsohon nan ya riƙe nasa, don masu shi za su dawo wata rana. In kun gamu da shi a hanya yana tura kekensa, ku tsaya ku gaishe shi da kyau.