Malam Ummaru Ya Ƙi Sa Hular Kwali, Ni Na Sa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan, ko koko ban kai baki ba, aka bugo mini waya daga Kebbe: Malam Ummaru malamin ƙirgi ya rasu. Tun jiya da la'asar aka yi masa sutura.

Na ajiye wayar.

Da na sake ɗauka, sai ga Alhaji Garba ya riga kowa rubutu a gurup ɗinmu na tsofaffin ma'aikata. Wai "mun yi rashin ɗan'uwa, abokin karatunmu a Jamus." Har da hoton fuska mai hawaye guda uku.

Abokin karatu? Kai Garba, ko kunyar furfurarka ba ka ji?

To tunda ka taɓo, bari yaran yanzu su ji yadda karatun ya ƙare. Ni ma da hannuna a ciki, kuma shi ne abin da ke cina tun safe.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba gwamnatin Jihar Arewa ta tura mu shida Jamus ta Yamma koyon jima irin ta zamani, don fatar jan akuyarmu tana da daraja a can. Ni daga Tambuwal, Ummaru daga Kebbe. Garba aka ba shugabancin tawaga, ba don ya san fata ba. Ta akuya da ta tunkiya ma sai an nuna masa. Turanci gare shi da iya rusunawa.

Ummaru kuwa ɗan majema ne kaka da kakanni. Da yatsa biyu zai taɓa fata ya gaya maka a inuwa aka shanya ta ko rana ce ta gasa ta. Tsohon Bajamushen da ke koya mana aiki har kiransa yake ya duba masa kaya.

Da sanyin ƙasar ya tsaga mini ƙafafu, shi ya buɗe gwangwanin man kaɗanyar da ya taho da shi daga gida.

"Shafa, ɗan Tambuwal. Ku mutanen bakin titi ba ku da ƙwari."

Shi ne kuma mai tuƙa mana tuwo da wani farin garinsu, ya barbaɗa yajin da ya ɓoye a ƙasan akwati. Ba don shi ba da dankali ya kashe mu.

Sai hutun Kirsimeti ya zo, aka rufe makaranta. Wani kwamitin garin mai kula da baƙi ya tsara mana shagulgula, wai kada kewa ta dame mu. Wallahi da sun bar mu da kewarmu da ya fi.

Kullum da inda za a ja mu. Yau kasuwar da suka kafa a dandalin gaban coci, rumfunan katako cike da kyandir da 'yan tsana. Mu da muka baro kasuwar da ake cinikin shanu, an kawo mu kallon ƙatti masu gemu suna layin sayen ɗan dokin katako. A miƙo giya mai zafi a kofi, mu ce ba mu sha. A miƙo naman alade a burodi, mu ce ba mu ci. Gobe a sake miƙowa kamar ba a taɓa ji ba.

Jibi kuma filin ƙanƙara, a ɗaura maka takalmi mai wuƙa a ƙasa a ce ka yi ta sulɓi. Garba ya fara shiga. Ya faɗi ya fi a ƙirga, kuma duk tashin da zai yi sai ya washe baki ya ce "wandaful!"

Duk inda muka sa ƙafa akwai mai hoton jarida a bayanmu. Wasu su shafa mana kai. Wasu su murza mana hannu su duba tafinsu, ko baƙin ya fita.

Ranar ƙarshe ita ce babbar. Suna da wani jerin gwano da ake yin shigar sarakuna uku, ɗayansu baƙi. Kowace shekara Bajamushe suke shafa wa baƙin tukunya. Bana matar da ke shugabantar kwamitin ta ce ina amfanin shafe-shafe, ga na gaske Allah ya kawo. Ta nuna Ummaru, don ya fi mu tsawo ya fi mu duhu.

Garba ya amsa mata da yawunsa, ko tambayarsa bai yi ba.

A ɗakin kwananmu ya same shi da rigar labule da hular sarauta ta kwali.

"Ummaru, ka yi wa Allah. Sunan Jihar Arewa ne. Awa guda ce tak."

Ummaru ya dubi hular, ya dubi Garba.

"Bikinsu na, su yi abinsu, Allah shi ba su lafiya. Amma ni jima anka aiko ni koyo. Ba ni sa kwali ga kai a ja ni cikin kasuwa kamar biri."

"In ka ƙi zan rubuta Kaduna. Ka san ba satifiket ke nan."

"Rubuta. Ga alƙalami nan ga aljihunka."

Sai Garba ya juyo kaina. Ni ke bin Ummaru a duhun fata.

Na tuna satifiket. Na tuna mahaifina da ya cika Tambuwal da labarin ɗansa yana ƙasar Turawa. Na ce to.

Kun san abin da Ummaru ya yi? Ya tuɓe dogon wandon ulu da yake sawa a ciki ya ba ni, ya ce rigar nan ba ta tare iska. Da aka fara tafiya ya riƙe mini kwat ɗina, yana bin gefen taron har muka kai ƙarshen layi, don in samu abin rufa da an gama.

Ni kuwa ina tsakiya da kwali a ka, riƙe da akwatin da babu komai a ciki, ana tafi ana nuna ni da yatsa. Washegari hotona ya fito a jarida. Garba ya kwashi kofe-kofen jaridar ya aika gida.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi.

Garba ya zauna ya rubuta rahoto: Ummaru mai taurin kai ne, ya kunyata gwamnati a gaban masu masauki. Ya ce ana bukatar shaida guda. Ya miƙo mini alƙalami.

Na sa hannu.

Saura kaɗan a yi jarrabawa waya ta zo daga Kaduna, wai Ummaru ya tattara ya koma gida. Wanda ya fi mu duka sanin aikin shi ya dawo hannu wofi.

Hukumar En'e ta ajiye shi Kebbe yana duba fatu da ƙiraga, daga wannan kasuwa zuwa waccan a kan keke, har ya yi ritaya. Ni takardata ta yi ta ɗaga ni, har na zama mai zuwa duba aikinsa. Ni, in duba aikin Ummaru! Garba kuwa ya yi sama can, kuma har yau ban ji wanda ya ce ya gan shi ya taɓa ɗanyar fata ba.

Duk shekarun nan bai taɓa canza mini fuska ba. In na zo rangadi sai ya yanka zabo. Buzun da nake salla a kai, shi ya jeme shi da hannunsa ya aiko mini.

Ni kuma ina lallashin kaina da cewa ai bai san na sa hannu ba.

Bara bayan kaka na ɗaura niyya na tafi Kebbe in faɗa masa. Na same shi a zaure, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ya gane muryata. Muka gaisa, na shiga kewaye-kewaye, daga maganar gero zuwa ta ciwon gwiwa.

Ya katse ni.

"Ɗan Tambuwal, bari wahal da kanka. Takardar Garba ta kawo ka? Tun ranar da na sauka Kaduna anka nuna mani ita. Sunanka na ƙasa, har ka ja mashi layi biyu."



Ya juyo da fuskarsa wajena. Jira yake. Na san jira yake. Kalma biyu ce kawai: yafe mini.

Ni da girmana da furfurata, sai na yi 'yar dariyar banza na ce, "Ai ka san Garba, shi ya matsa."

Can ya ce, "Haka na." Ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo fura.

Da zan tafi ya rako ni bakin zaure yana dafa bango. Ya ce, "Sai ka sake zowa." Na ce in sha Allahu bayan Salla.

Salla biyu suka wuce ban je ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Ummaru, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba shi a can darajar da muka taru muka hana shi a nan. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce sai ya yi masa addu'a. In kun gama, ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini a zuciyarsa kafin ya tafi, don ni ban roƙa ba.