Jar Motar Maijirgi

Kaka ce, a shekarar da hatsi ya yi kyau har mutane suka rage sauri. Har yau ranar da Shef Sani, shugaban garajinmu na Tasawa, ya ce in bi shi ƙauyen Maijirgi duba wata mota ba ta fita raina ba. Ni ɗinkin kujerun mota ne aikina. Ku da kuka zo daga baya ku sani, kafin a karɓi tsohuwar mota sai an duba jiki, inji, waya, sannan kujeru, a faɗa wa mai ita gaskiya.

Wata tsohuwa, Goggo Dije, ta buɗe mana ɗaki ta janye tabarmi. Mota ce ja, gajera kamar ta durƙusa, kujeru biyu kacal. Haske ya sauko ta hujin rufi ya kwanta mata a goshi. Sai na ji kamar mun shigo wa mai barci.

Shef ya leƙa kontar da ke ƙirga nisan tafiya, ya yi salati. "Goggo, ai wagga ba ta yi tafiya ba!"

"Ina za ta, ɗana? Rairayi ya hana ta. Marigayi mijina ya sayo ta da kuɗin shanu, ya ce ran da kwalta ta zo ƙofarmu zai kai ni Mayahi cikinta. Ya riga kwalta tafiya. Ni dai in shiga, in ji tana tafiya da ni."

Na shafa kujerun. Fatar tana da laushi kamar kumatun jariri, tana ƙanshin man shanu. Ashe duk kaka Goggo tana shafe su da shi, yadda ake yi wa jakar fata. Fata ta ji daɗi, amma ƙanshin ya gayyato ɓeraye. Da Shef ya ɗaga kapo, murfin inji, waya duk ta zama gari, inji ya daskare.

"Jiki lafiya lau, babu tsatsa," ya ce a hankali. "Za ta tashi. Amma sai an nemo kaya daga nesa. Shekara, ko fiye."

Goggo ta yi dariya. "Shekara? Kai ka ga takardata wurin Allah?"

Muka kama hanyar Tasawa. Na gane mu muna auna ƙarfe ne, mai mota kuwa wani abu daban yake jira, kuma ba kullum lokacinsu yake zama ɗaya ba.

Da safe na ɗora wa yara koko, na roƙi Shef tsofaffin tayoyi huɗu, na koma Maijirgi. Maƙwabta suka ɗaura su, aka ɗaure bijimai biyu a gaba. Na zauna a sitiyari, ni da ban taɓa tuƙi ba. Muka bi gefen gonaki, dammunan hatsi suna wucewa sannu sannu. Goggo ta gyara kallabi, ta lumshe ido.

"Ɗiyata," ta ce, "rage gudu."