Mazan da Toma Ya Zaɓa wa Waƙa

Duk wanda rediyonsa ya taɓa shaƙewa a Madarunfa ya san Toma. Haifaffen wani ƙauye ne a yankin Gabi. Cin rani ya kai shi Katsina yana saurayi, can ya koyi gyara, ya dawo da ƙarfen liƙi ɗaya da kunne mai kaifin tsiya. Ba ya kwance rediyo sai ya kara shi a kunne tukuna, ya lumshe ido, sannan ya faɗa maka ciwonsa tun bai taɓa ƙusa ko ɗaya ba.

Wannan kunne shi ke ciyar da gidansa, shi ne kuma ke gana masa azaba duk ranar Lahadi. A ƙaramar majami'arsu, in zumuntar mata ta tashi waƙa, matarsa Saloma tana gaba, kiɗan tulu da na ƙwarya suna amsawa, har masu wucewa a kan amalanke sai sun rage gudu. Amma in aka ce maza su tashi, sai ka ga ƙarti takwas sun miƙe, kowa ya kama hanyarsa kamar awakin da aka kwance da safe. Mafi ta'adi a cikinsu Samson masunci ne, wanda muryarsa ke iya ƙetare tafki, amma bai taɓa sanin inda waƙa ta dosa ba. Shi Toma can baya yake zama wajen wayoyi da batir. Ko a waƙar taro leɓe kawai yake motsawa, don ya san irin muryar da Allah ya ba shi, kuma kunnensa ba ya yi wa kowa kara, har shi kansa.

Da damina ta ja baya, fasto ya tara mazan ya gaya musu gaskiya ba kwana-kwana. Bana baƙi za su zo daga Maraɗi bikin godiya na kaka. In maza ba su gyara ba, aikinsu ɗauko dammunan gero da jera benci, waƙa kuwa a bar wa mata. Maganar ta ƙona wa Toma rai ƙwarai.

A satin nan ya je garin Ɗan Issa sayen kayan gyara, ya ci karo da wani akwatin kiɗa mai taya, da mikoro biyu, wato makirfo. Mai shagon ya ce sunansa karaoke: kiɗa na tafiya, muryar mawaƙi ba ta ciki, kai ne za ka cike gurbin. Nan take Toma ya saye shi. Kayan gyaran da ya je saye ma bai saya ba. Ya rungumo akwatin a bayan kabu-kabu, yana ta yi wa mai babur ihun ya kauce wa ramuka, ya iso gida baki har kunne.

"Baban Bangaskiya, mi kuma ka kwaso muna?" in ji Saloma.

Ya ce mata maganin maza ne, ta zuba ido kawai.

Zaɓen farko kam ya tafka kuskure. Ɗoki ya ɗebe shi, ya cika akwatin da kiɗan waƙoƙin da shi yake so, irin na samarin birni masu siririyar murya da ke hawa sama kamar ba za su sauko ba. Ran Laraba da yamma, a gindin bishiyar bedi ta majami'a, mazan suka yi ta miƙa wuya, jijiyoyi raɗa-raɗa. Samson ya ce shi ba za a bar shi a baya ba, ya bi wata waƙa har ƙololuwa, murya ta tsinke. Kwana uku da hannu yake cinikin kifinsa.

Toma bai karaya ba, sai ma abin ya ƙara shiga ransa. Ya ce tunda ba ya kwance rediyo bai saurare shi ba, don me zai yi wa mutum haka? Ya rufe rumfar gyaransa da rana tsaka ya shiga bin mazan ɗaya-ɗaya. Ya tsaya ya ji yadda wannan ke tsawata wa jaki, yadda wancan ke tallan wake, yadda tela ke gunguni a kan kekensa. Ya koma ya zubar da waƙoƙin farko kaf. Ya zaɓo masu tafiya a hankali, waɗanda ba sa nisa da muryar da mutum ke magana da ita, masu gajerun baitoci yadda mai ƙaramin numfashi zai kai ƙarshe bai shiɗe ba. Wani mai tari a cikinsu ya samu waƙa mai wurin hutu. Samson ya samu wata mai kauri, da sharaɗin ya ja da baya taku biyu daga mikoro. Ɗaya bayan ɗaya, in Toma ya ɗaga yatsa ya nuna wa mutum wurin shiga, wallahi sai ka rantse ba su ba ne. Murna ta hana Toma zama, yana ta zagaya akwatin yana tafi.

To amma da aka haɗa su takwas, sai wata sabuwa ta ɓullo. Kiɗa ya tashi, wurin shiga ya zo ya wuce, kowa na kallon bakin ɗan'uwansa. A sake, haka. In wani ya yi ƙarfin hali ya shiga, sauran su biyo shi a guje, waƙa ta watse. Saura kwana tara biki, Toma ya rasa inda ciwon yake.

A gonar Samson ya gano shi, ranar gayyar ɗaurin gero. Wani tsoho maƙwabcin gona ya jefa baiti ɗaya yana ɗaure dami, sai ga mazan nan, su ɗin dai, sun amsa gaba ɗaya, murya ɗaya, daidai wa daida. Toma ya saki damin da ke hannunsa. Ashe mutanensa tun suna yara ba wanda ya taɓa fara waƙa don kansa. Wani ne ke bayarwa, su su amsa. Akwatin da ya rungumo daga Ɗan Issa kuwa mai bayarwar nan ya cire, ya bar su suna jiran wanda ba zai zo ba.

Ranar ya sake zaɓe na uku, duk waƙoƙi masu amshi. Saura mai bayarwa. Kowa ya noƙe. Samson ya ce ai wanda ya san wurin shiga shi zai ja gaba, kuma duk cikinsu mutum ɗaya ne ya sani. Ido goma sha shida suka juyo kan Toma. Ya yarda, amma ya mai da koyon can bakin tafki, inda ba mai jin su sai tsuntsaye, ya kuma roƙe su kada maganar ta je gida.

Ranar biki majami'a ta cika maƙil, dammuna jibge a gaba, baƙin Maraɗi a bencin farko. Toma ya kunna akwati, ya bar wayoyinsa ya tako gaba. Ya buɗe baki. Murya ta fito a dushe, a karce, tana rawa, amma ta faɗi daidai wurinta. Maza takwas suka amsa, kwanon rufi ya ɗauka. Ya sake bayarwa, suka sake amsawa. A baiti na uku baƙi sun miƙe, fasto na tafi sama da kansa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da aka kira zumuntar mata, sai da aka taɓa Saloma sau biyu kafin ta tuna ita ce mai farawa.

A hanyar gida Toma yana jan akwatinsa, Saloma tana gefensa. Da ya kasa daurewa ya tambaye ta yadda ta ji, ya ce ta faɗi gaskiya.

"Muryarka ba daɗi, Baban Bangaskiya," ta ce, tana share ido da bakin gyale. "Amma shekara ashirin da shida nike jiran in ji ta."