Rabin Riga a Ƙofar Shago

Shekara ashirin da huɗu ta yi a ɗakin wankin wani otal, can ƙasa bayan kicin, inda ba taga sai tururi, kuma a nan aka laƙaba mata Sufeto. Ba ta taɓa sa kaki ba. Abin da ya jawo sunan shi ne ba ta yarda da aljihu ba. Duk rigar da ta zo hannunta sai ta zazzage aljihunta, ta shinshina wuyan, ta ɗaga ta saitin fitila, don ta san ta'asar da biro ɗaya da aka manta zai yi wa fararen zannuwa arba'in. Da mutane ma haka take. In ka gaishe ta da fara'ar da ta wuce ƙima, sai ta fara tunanin me ka ɓata. Marigayi mijinta yakan ce ko ruwa ya miƙo mata sai ta leƙa ƙasan kofin. Ita kuma ta ce ai sau biyu tana samun ƙuda.

Amma fa ta iya aiki. Tabo dai, ko na mene ne, in ta kalle shi za ta faɗa maka asalinsa da kwanansa. Ta san jini ba ya son ruwan zafi, tsatsa tana tsoron lemun tsami da gishiri, maiƙo kuma sai an bar alli ya tsotse shi kafin sabulu ya matso kusa. Manyan baƙi sun sha barin otal ɗin da rigunansu fes, ba su san akwai wata mata a ƙasan ƙafafunsu da ta yi awa guda tana lallashin tabon shayi ba. Dokar wurin ke nan: baƙo ba ya ganin datti, ba ya ganin mai wanke shi.

Da aka sayar da otal ɗin, sababbin masu shi suka ba wani kamfani wankin, aka sallame ta tana da shekara hamsin da shida. 'Yarta guda ɗaya tal, wadda take kira Auta duk da ita ce ta fari, ta ce ta tattaro ta dawo gidansu. Har an share mata ɗaki, an sa sabon labule. Sufeto ta je ta ga ɗakin, ta zauna a bakin gado, ta ji ba za ta iya zama a nan ba. Ba ƙin 'yarta take ba. Ta dai hango kanta a gidan suruki, tana neman izini kafin ta kunna fanka, ba wanda zai sake kawo mata wani abu ya ce ita kaɗai za ta iya. Wannan ya ba ta tsoro fiye da yunwa.

Sai ta kama ɗan shago a wani layi, tsakanin tela da mai gyaran waya, ta sa injin wanki ɗaya, teburin guga, da kantar kwalabenta. Auta ta yi kuka, ta yi fushi, daga baya aka yi yarjejeniya: wata uku. In shago ya tashi, shi ke nan. In bai tashi ba, Sufeto za ta rufe ta dawo ɗakin mai sabon labule. Ta amsa da bakinta, kuma ita ba ta taɓa janye magana ba.

A nan surukin ya shigo. Mutumin kirki ne, ma'aikacin ofis, mai yawan murmushi, wanda a wajen Sufeto wannan ma abin dubawa ne. Bai daɗe da gama wani kwas na sati biyu a kan kasuwanci ba, kansa cike da sababbin kalmomi suna neman mafita. Ya ce ta bar masa talla. Ya zo ya durƙusa a shagon, ya buɗe kwamfuta a kan teburin guga.

"Mama, abu na farko shi ne burandin. Sai mun san taget ɗinmu."

"Wane ne shi?"

"Wato mutanen da muke hari."

"Ni ba na harin kowa. Wanki zan yi."

"To, kalmar nan ce ma ba za mu sa ba, Mama. Wanki kowa yana yi, ko a bakin famfo. Ke firimiyam sabis kike bayarwa. Soliushan muke sayarwa."

Ta dube shi kamar yadda take duban aljihu. Amma ta tuna shi ya yi karatu, ita kuwa rabin rayuwarta a ƙasan bene ta yi. Ta ƙyale shi.

Bayan kwana huɗu aka kafa allo, shuɗi mai ruwan zinare, da hoton wani ganye da tauraro. An rubuta: CIBIYAR FARFAƊO DA MARTABA DA SAMAR DA MAFITA. A ƙasa da ƙananan haruffa: Ingantacciyar hidima ta musamman ga abokan hulɗa. Allon ya yi kyau, wannan ba musu. Ita ma Sufeto ta ƙara nata. Ta sa labule mai kauri ta raba shagon biyu, ta ɓoye inji da guga da kwalabe a baya, ta bar tebur da kujera a gaba, tsaf kamar wurin karɓar baƙi. A saninta haka ake yi, aiki a ɓoye yake. Kuma a saninta kaya da kansu suke zuwa, tunda shekara ashirin da huɗu kullum safe ana turo mata su a keken ɗaukar kaya, ba ta taɓa tambayar yadda aka yi suka zo ba.

Satin farko mutum uku suka shigo. Wani saurayi da takardunsa a leda ya tambaya ko ana ɗaukar ma'aikata. Wata mata ta zo neman fom, ta ce ta ji ana raba tallafi. Na ukun dattijo ne, ya rage murya ya ce shi matsalarsa ta gwiwa ce. Sufeto ta sallame su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a ranta turo su aka yi.

Zarginta ya fara sauka a kan surukin. Wa zai ci riba in shagon ya mutu? Su da suka sa wa ɗaki sabon labule. Kullum Asabar yana zuwa da wata sabuwar magana, ya nuna mata waya ya ce mutum ɗari huɗu sun ga tallan, ingejimen yana hawa. Ta ce to su ɗari huɗun tsirara suke yawo? Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya buga takardun talla ya ce ya raba, ita kuwa ta tabbata a bola ya zuba. Ta daina cin abin da yake kawo mata sai ta juya shi da cokali.

Daga nan zargin ya koma kan tela. Wani dogo ne marar magana, tabarau a kan hanci, tef a wuya. Ta tsagar labule take kallonsa. Sau da yawa mutum zai tsaya ya karanta allonta, ya yi jim, ya matsa wajen tela ya ce wani abu yana nuna shagon da haɓa. Tela ya ɗaga kafaɗa ya girgiza kai, mutumin ya wuce. Ta ga wannan ya fi sau goma. Ba sai an faɗa mata ba, kore mata mutane yake. Wataƙila shagon yake so ya faɗaɗa nasa. Wataƙila ma bakinsu ɗaya da surukin, don ta taɓa ganin sun gaisa hannu biyu.

Haka wata biyu da sati biyu suka tafi. Injin wanki bai ga komai ba sai kayanta. Ta rame. Auta ta fara tambayar wace rana za a turo mota, a hankali take tambaya, da tausayi, abin da ya fi ƙona wa Sufeto rai ke nan.

Wata Talata da hantsi ta ga abin ya sake faruwa. Wata mata da ƙunshin kaya a hammata ta karanta allo, ta tambayi tela, ya girgiza kai, ta tafi. Ƙunshin kaya fa. Sufeto ta yaye labule, ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba.

"Malam tela, me na yi maka?"

Ya tsayar da keke. "Ni, Hajiya?"

"Kai. Me kake gaya musu?"

"Su wa?"

"Kada ka raina min hankali. Matar nan da ta wuce yanzu, me ta ce, me ka ce?"

Tela ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Cewa ta yi me ake yi a nan. Na ce ban sani ba."

"Ba ka sani ba."

"Wallahi ban sani ba, Hajiya. Mai gyaran waya ya ce ƙungiya ce. Ni na ɗauka ofishin sulhu ne, na masu rigimar gado. Na so in tambaye ki tun farko, to kullum in na gaishe ki sai ki dube ni kamar na ɗauke miki wani abu. Daga baya kuma kwana ya ja, na ji kunyar tambaya."

Ta tsaya. Ta nemi ƙarya a fuskarsa, ta duba sosai, ba ta samu ba. Sai idonta ya sauka kan wata farar shadda da ya naɗe ya tura gefe. Hannunta ya riga bakinta, ta ɗaga ta saitin haske.

"Man keke ne. Na jiya."

"Na shekaranjiya da yamma," in ji tela, murya a sanyaye. "Ta mutane ce, gobe za a karɓa. Na goga ruwa ya ƙara faɗi. Yanzu nake shirin rufe shago in hau mota in kai can ƙarshen gari, an ce akwai mai iya fitarwa."

Ƙarshen gari. Taku biyar tsakaninsa da kwalabenta. Haushi da kunya suka haɗe wa Sufeto, kuma ba ta san wa za ta ba haushin ba. Ta ce, "Biyo ni."

Ta zuge labulen gaba ɗaya, ta shimfiɗa shaddar, ta daka alli ta barbaɗa, ta sa takarda ta ɗora dutsen guga mai ɗumi. Tela yana tsaye yana kallon inji da kwalabe baki buɗe. Kafin azahar tabon ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Ya juya shaddar gaba da baya, ya ce, "Yanzu Hajiya wanki kike yi, shi ne ba ki faɗa ba?"

Maganar ta zauna mata. Da yamma ta je ɗibar shara a bayan shagon mai gyaran waya, ta ga takardun tallan nan shuɗaye, an nannaɗe ƙananan sukurori a ciki. Ta tambaya, ya ce ai surukinta ne ya bi layin nan shago shago da ƙafa, cikin rana, har layi na uku, yana rabawa yana roƙon a zo. Kowa ya karɓa, ba wanda ya gane. Ashe bawan Allah bai zuba a bola ba. Da zuciya ɗaya ya kashe mata kasuwa, ita kuma ta taya shi da labule.

Ran Asabar ya zo da farar rigarsa ta ofis, biro ya fashe a aljihu tun wani satin, tabon ya bazu kamar tafin hannu, ya rufe da kwat.

"Cire rigar nan," in ji ta.

"Mama?"

"Cire. Ka zauna da kwat."

Ya cire, don ba a musu da ita. Ta ɗaure rabin tabon da zare, ta yi aiki a kan ɗaya rabin da auduga da ruwan wata kwalba, a hankali, har gefe ɗaya ya yi fari tas, ɗayan yana nan da tawadarsa. Ta sa a hanga ta rataya a ƙofa, daidai ƙarƙashin allon mai zinare. Ta karɓi kwali wajen tela ta rubuta da hannunta, haruffan suna karkata: ANA WANKI DA GUGA. ANA FITAR DA TABO.

Surukin ya daɗe yana kallo. "Mama, wannan zai karya burandin."

"Bari ya karye. Kai dai Allah ya yi maka albarka, ƙafarka ta sha rana."

Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin ta sa masa albarka ba sai da wani sharaɗi a bayanta.

Ba a yi awa ba wata mata ta tsaya, mai jiki, da jaka a hannu. Ta kalli rigar, ta matso, ta ja baya, ta taɓe baki.

"Wa ya sani ko riga biyu aka yanka aka haɗa? Ga tela nan kusa."

Surukin ya buɗe baki zai yi bayani, Sufeto ta ɗaga masa hannu. Fuskarta ta washe, irin washewar da Auta ma ta manta kamanninta. Wata biyu da rabi tana jiran mutum mai hankali.

"Sauke ta ki duba ɗinkin, 'yar'uwa," ta ce. "Juya ciki. Ki shinshina ma."

Matar ta juya, ta bi ɗinkin da farce, ta shinshina. Sannan ta buɗe jakarta ta zaro mayafi mai tabon tsatsa, ta ce ba za ta bar shi ba, a gabanta za a yi. Sufeto ta jawo mata kujera.

Tana yanka lemun tsami wayarta ta yi ƙara. Auta ce, tana tambaya ko a turo motar ran Laraba. Sufeto ta maƙale wayar a kafaɗa, ta ce a bar motar, labulen ɗakin nan kuma in ya yi datti a kawo mata shago, za ta rage musu wani abu a kuɗin wanki.