Taken Gidanmu a Motar Kafili

Ran nan ina tuƙa ɗan kafilina, Balaraben da nake wa direba, daga unguwar Badi'a zuwa filin jirgi, sai ya kunna kiɗan Turawa, irin mai hayaniyar nan da ba na ko saurara. Can a tsakiya sauran kayan kiɗan suka yi tsit, ganguna kaɗai suka rage. Wallahi sai da na rage gudu. Taken gidanmu nake ji, a titin Riyad.

Kakana makaɗin mahauta ne. Ran kasuwa yakan saƙale kalangu a hammata ya tsaya gefen rumfar fawa, kowane mahauci da takensa. Amma akwai take guda da ya gada wurin ubansa, ba a kaɗa shi sai ranar da makaɗi zai miƙa sana'a ga magajinsa. Ni ya so ya kaɗa wa. Babana kuwa ya rantse ɗansa ba zai yi roƙo ba. Ko gwangwani ya ji ina bugawa, sai na sha ranƙwashi.

Wata damina mota ta lalace wa wani Bature a bakin garinmu. Dogo ne, siriri, gashi har kafaɗa, ba takalmi. Ya ce shi makaɗi ne a Ingila, muka yi ta dariya. Komai ya samu bugawa yake: ƙwarya, turmi, murfin tukunyar innarmu, har ta bi shi da muciya. Aka gyara mota, ya ƙi tafiya. Ya tare a zaurenmu har kaka ta yi, yana bin kakana kasuwa, yana ƙamshin tsire da hayaƙi kamar ɗan gida. Ba su jin yaren juna, hira suke da hannu.

Ranar da zai tafi, kakana ya shimfiɗa tabarma, ya zaunar da shi, ya ɗauko kalangu.

Babana ya ce, "Haba Baba, Bature za ka ba?"

"Na ba ka, ka ƙi. Ka hana ni ɗanka. Kabari zan kai shi?"

Ya kaɗa. Baturen nan da ba ya iya zama wuri ɗaya ya natsu, yana maimaitawa a cinyarsa har ya kama. Amma duk tsawon kiɗan ni tsohon yake kallo. Kafin wata daminar ya rasu. Kalangun ya daɗe a rataye, har ɓeraye suka cinye fatar.

Na tambayi yaron a motar, wane ne wannan mai kiɗa? Ya ce, "Ya ammi," wato baffa da Larabci, "ai shahararre ne, amma ba a iya zama da shi." Wai ɗan Ingila ne, duk ƙungiyar da ya shiga sai an kore shi, ya tara dukiya ya watsar, ya tsufa ba kowa kusa da shi. Amma a kowane wasa sai ya tsayar da kowa ya buga wannan, ba wanda ya san inda ya samo shi.

"Yana raye?"

"Ya rasu."

"Ya koya wa wani?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna min wayarsa, wai a nan kaɗai kiɗan ya rage.

Ba na zargin babana, Allah ya jiƙansa, tarbiyyarsa nake ci. Amma ranar na ji ciwo ƙwarai. 'Ya'yana a nan aka haife su, ko sunan kalangu ba su sani ba.

Na sauke yaron, na juyo ni kaɗai. A danja na ɗora yatsu kan sitiyari, na ce bari in gwada. Kunnena ya riƙe taken tsaf. Hannuna ne bai san hanya ba.